Wuta da dari, ruwa da damana: darasin gyaran gida da unguwa

 Hatsi ya shiga rumbu, an roro wake, an ɗaure harawa. Wanda ya samu da yawa da wanda ya samu kaɗan, kowa ya jingine hauya. A wannan karo ba zancen gona za mu yi ba, zancen gida za mu yi. Abin da mutum ya yi wata huɗu yana nema a gona, cikin gida yake kwana, kuma sau da yawa cikin gida yake salwanta.

Ku da kuka gama karatun yaƙi da jahilci, kada ku karanta wannan darasi ku ninke shi ku sa ƙarƙashin tabarma. Ku karanta wa maƙwabtanku, a dandali ko wurin sauraren radiyo. Za ku ga dalili nan gaba.

Mu fara da ɗan lissafi. Buhun hatsi mai kilo 100 yana cin tiya 40. A ce gidanka yana cin tiya 2 kowace rana. Buhu ɗaya zai kai ku kwana 20 ke nan. In rumbunka ya ƙunshi abin da zai ba da buhu 10, abincin kwana 200 ne, wata shida da ɗoriya. Yanzu ka tambayi wanda ya taɓa ganin rumbu yana ci da wuta, ya faɗa maka ko ya kai tsawon lokacin da ake dafa shayi.

Iska daga ina take zuwa?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar dari ke busawa. Daga gabas maso arewa take fitowa, busasshiya ce, kuma takan yi ƙarfi da hantsi. Duk abin da ta taɓa sai ya bushe ƙayau: zana, darni, shibcin ɗaki, kara, harawa. A daidai wannan lokaci ne kuma muka fi tara waɗannan abubuwa cikin gida, kuma a daidai lokacin ne muka fi hura wuta saboda sanyi. Abu uku ke nan suka haɗu: makamashi, da iska, da wuta.

Gobe da hantsi ka tsaya bakin murhun gidanka, ka ɗebi toka kaɗan ka watsa sama. Dubi inda ta nufa. Can tartsatsin wuta zai nufa. In harawarka ko rumbunka ko ɗakin shibci yana kan wannan hanya, to, a sake wa ɗayansu wuri. Ko a ɗauke harawar, ko a mayar da murhun. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi wa murhu ɗan bango na ƙasa ta gabas da arewa, tsayinsa ya kai gwiwa ko ƙugu. Aikin yini ɗaya ne, ba ya cin ko dala. Kuma uwargida za ta ga icce ya rage ƙarewa, domin iska ba ta kwashe zafin.

Amma fa ga inda maganar take. Kai ka gyara naka murhu. Wa ke gabas da kai? Maƙwabcinka. Tartsatsin murhunsa gidanka yake nufa, naka kuma gidan na yamma da kai. Darnin da ya raba ku, da kara aka yi shi. Ga wuta hanya ce, ba shinge ba. A yawancin garuruwan da nake zagayawa, mutum zai iya bin darni daga wannan bakin gari har wancan bakin bai ga inda ya yanke ba. Shi ya sa gobarar ƙauye ba ta tsayawa gida ɗaya. Magabata sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni a ganina gara ma ku zauna tun gemun kowa bai kama ba.

Ku zauna da mai unguwa ku duba inda za a yanke darni, a bar fili, ko a sa ɗan bangon ƙasa tsakanin gidaje. Rumbuna kuwa, in da hali, a fitar da su bayan gari wuri guda, kamar yadda ake yi a garuruwa da yawa, a bar tazara tsakanin kowane rumbu da ɗan'uwansa, a share ciyawar da ke kewaye da su har ƙasa ta fito fili. Na san abin da za ku ce: ɓarayi. Gaskiya ne. Amma ɓarawo dami biyu ko uku yake ɗauka ya gudu, kuma ana iya sa masu gadi bi da bi. Wuta ba ta barin ko zangarniya.

Harawa da karmami da muke ɗorawa bisa rufin ɗaki ko bisa rumfar tsakar gida, nan ne wurin da ya fi kowane muni. A kai su bisa icce ko rumfa ta daban, nesa da madafa.

Wata shekara, a wani gari da nake aiki, yara suka hura ƴar wuta bayan darni suna gasa gujiya. Ranar kasuwa ce, manya duk sun tafi. Da na iso da la'asar, gida bakwai sun zama toka. Ba a rasa rai ba, Allah ya kiyaye. Abin da ban manta ba shi ne wani dattijo da na tarar tsugune yana tona tokar rumbunsa da sanda, yana tsintar hatsin da bai gama ƙonewa ba. Na tambayi mutane ko akwai ruwa kusa lokacin da abin ya faru. Aka ce rijiya tana can bakin gari, gugan kuma yana gidan da ya fara kamawa. Tun daga ranar nake cewa: ranar kasuwa da ranar biki, kada a bar unguwa ba babba ko ɗaya. Ashana kuma a rataye ta inda hannun yaro ba ya kai.

Ɗakin zana ba ya ba mutum lokaci. Duk ƙasar nan ta ji abin da ya faru a shekarar 2021. A watan Afrilu wuta ta kama azuzuwan zana na wata lakwal a Yamai, yara 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Rana tsaka ne, da manya a wurin. To, ina ga dare, mutane na barci? Duk ɗakin zana ko na shibci da ake kwana ciki, kada a tare ƙofarsa da kaya, kuma kada a kulle yara ciki a tafi unguwa.

Kaskon wuta cikin ɗaki

Da sanyin dare akan shigar da kaskon garwashi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Haɗari biyu ke cikin wannan. Na farko kowa ya san shi: bakin zane ko gidan sauro ya taɓa garwashi. Na biyu shi ne wanda ba a sani ba. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata guba da ido ba ya gani, hanci kuma ba ya ji. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Mutum ya fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, jiki ya mutu. In barci yake yi, ba zai farka ba. Da safe a ce iskokai ne, ko a zargi abincin daren jiya.

Ku ɗuma ɗaki tun da sauran hira, ƙofa a buɗe. Kafin a kwanta a fitar da kasko waje, a rufe garwashin da yashi. Ba da toka kaɗai ba: garwashi yana kwana da rai ƙarƙashin toka, iskar asuba ta tone shi. Maijego da jariri da tsofaffi, su aka fi hura wa wuta, kuma su ne gubar ta fi saurin kayarwa. In kun tarar da mutum ya galabaice a ɗakin da aka kwana da gawayi, ku fito da shi fili nan da nan, ku kai shi gidan likita ko da ya farfaɗo.

Abubuwan da kakanninmu ba su ajiye a ɗaka ba

Yau gidaje da yawa akwai babur, ko injin ban-ruwa, ko ɗan cinikin isansi a kwalba. Isansi ba sai wuta ta taɓa shi yake kamawa ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana iya tafiya har wurin murhu ko fitila, wutar ta biyo shi ta dawo cikin jarka. A watan Mayu na 2019 wata motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru suna ɗiba, ta kama, fiye da mutum 55 suka rasu. Jarkar da ke ƙarƙashin gadonka ƙanwar wannan mota ce. A yi mata ɗan ɗaki na ƙasa a gefen gida, cikin inuwa, nesa da wuta. Kada a zuba mai cikin inji yana aiki, kada a zuba kusa da mai shan taba.

Masu tukunyar gas, in kuna shakkar tana yoyo, ku shafa ruwan sabulu a bakinta da jikin tiyo. In ya yi kumfa, tana yoyo. Kada a gwada da ashana. Masu batir da faifan hasken rana kuma, ku duba wayoyin da aka murɗa da hannu aka cusa cikin shibci. Wayar da ta yi zafi in ka taɓa ta, a sake ta.

Sai maganin ƙwari, wanda shi ne ɓangaren aikina. Akwai ƙwayar nan da ake sawa cikin buhun wake, Phostoxin, wadda take narkewa ta zama hayaƙi. Wannan hayaƙi yana ratsa buhu, yana bi ta tsagar bango ya shiga ɗakin da ke kusa. Ba shi da makari. Kada a taɓa ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da na kwana. Haka piya-piya: ba a yayyafa shi kan abin da za a ci, ba a zuba shi cikin kwalbar lemo, domin yaro ba ya karanta abin da ke jikin kwalba. Galan ɗin da maganin feshi ya ƙare ciki, a huda shi a binne nesa da rijiya. Wanki ba ya mayar da shi abin zuba nono. Wanda ke son wakensa ya kai damana ba magani, ya nemi buhun PICS, mai leda biyu ciki da buhu ɗaya waje. Masu binciken aikin gona na INRAN a Maraɗi sun gwada shi, kuma tun 2007 ake yaɗa shi a ƙasar nan. In wake ya bushe sarai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki shaƙewa suke yi su mutu.

In ta kama fa?

A yi kururuwa, a fito da mutane, a ƙirga yara. Bayan wannan a kwance dabbobi. Wuƙa ta fi saurin kwance igiya. Kaya su ne na ƙarshe, kuma wanda ya fito kada ya koma. Takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar shaidar gona, ku haɗa su tun yanzu cikin gwangwani mai murfi, a ɗakin ƙasa, inda kowa a gidan ya sani.

Ruwan tulu ba ya kashe ɗakin shibcin da ya riga ya kama. Kada a ɓata ƙarfi a kansa. Majiya ƙarfi su ruga gaban wutar, inda iska ke kai ta, su kayar da darni da zana, su ja su gefe, su yanke mata hanya. Sauran su watsa yashi da ruwa bisa rufin da bai kama ba tukuna. Saboda haka kowane gida ya ajiye tarin yashi da shebur ko tsohuwar tasa kusa da madafa, da randa guda da ba a bari ta ƙafe. Man da ya kama cikin kasko, a rufe shi da murfi. In aka zuba masa ruwa sai ya yi tsalle. Isansi ma yashi ne maganinsa. Mutanen birni da na kusa da birni, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma, abin da take so shi ne ruwa mai tsabta, mai sanyi, a yi ta zubawa har kamar minti 20. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Kada a shafa ƙwai, ko tawada, ko man goge haƙori, ko kashin shanu. Kada a fasa bororon. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita, ko tana fuska, ko hannu, ko al'aura, ko kuma ƙaramin yaro ne, sai gidan likita.

Yaɓe ba ya jiran hadari

Yanzu mu juya ga ruwa. Za ku ce da sauran lokaci. Ni kuwa na sa shi cikin darasin yau ne da gangan. Samari da yawa suna shirin tafiya cin rani, ba za su dawo ba sai an ga hadari. Ran da suka dawo, shuka ce gabansu, ba yaɓe ba. Haka ɗaki yake shiga damana biyu, uku, ba a taɓa shi ba. Kuma yanzu ne tabki da kududdufi ke da sauran ruwan kwaɓa ƙasa. In aka kai watan Afrilu, ruwan sha ma sai an yi layi.

Damanar 2024 ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Fiye da mutum 300 suka rasu a ƙasar nan, wasu ruwa ya ci su, wasu ɗaki ya faɗa musu. Waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya. A watan Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe. Sai da aka ɗaga komawa lakwal daga ranar 2 zuwa ranar 28 ga Oktoba, domin a wurare da yawa waɗanda gidajensu suka faɗi cikin azuzuwa suke zaune.

Ga wani lissafin. In kun ji radiyo ta ce an yi ruwa milimita 1, ma'anarsa litar 1 ta zuba kan kowane fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Shigifa mai mita 4 da mita 3, rufinta mita 12 ke nan. Ruwan milimita 50, wanda akan yi cikin dare ɗaya a watan Agusta, litar 600 ne, wato tano 3. Nauyinsa kilo 600, daidai da buhun hatsi 6. In indararo a buɗe yake, ruwan ya wuce abinsa. In leda da ganye sun toshe shi, ruwan ya kwanta, ƙasar rufi ta sha, ta yi nauyi, ta yi laushi, duka bisa kan masu barci.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka hau rufinka ka duba inda ya lotsa da inda ya tsage. Wani kuskure da nake yawan gani: kowace shekara a ƙara sabuwar ƙasa bisa tsohuwa, ba a kankare komi ba. Bayan shekara goma rufin ya ninka nauyinsa, azara kuwa ita ce ta jiya. A kankare wadda ta mutu kafin a sa sabuwa, a karkata rufin wajen indararo. Ka shiga ciki ka ƙwanƙwasa kowace azara da ƙotar gatari, musamman inda ta shiga bango. Wadda ta amsa kamar ganga, gara ta cinye cikinta. A sake ta, ko a tokare ta da gwafa mai ƙarfi kafin a samu hali.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi shan duka. Shi za a fara yaɓewa. A kwaɓa ƙasa da ramno ko ƙaiƙayi da kashin shanu, a bar ta ta kwana uku ko fiye tana ruɓa, ana sake taka ta. Inda ake samun makuba, a yi amfani da ita. Masu ɗan hali sukan shafe bangon ƙasa da siminti su ce sun huta. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye. Wanda ya yi haka ya riƙa duba tsagar kowace shekara yana toshewa.

Amma yawancin bangon da ke faɗuwa, daga gindi yake mutuwa. Ruwa ya kwanta jikinsa kwana biyu, ya jiƙa tubalin ƙasa, sauran ya biyo. Fitsarin dabbar da aka ɗaure jikin bango ma yana cin gindinsa, haka ruwan wanka. A tara ƙasa a gindin bango, a daɓe ta, ta gangara waje. Inda indararo ke zuba a jera duwatsu ko sakaina. Salgar da ke kusa da bango ko kusa da rijiya, a duba bakinta, a ɗaga shi, domin ruwa kada ya cika ta ta ɓurma.

Nan ma maƙwabci ya sake shigowa. Ruwan da ya fito daga gidanka, ina yake zuwa? In ka ɗaga ƙofar gidanka da ƙasa ka tura shi gindin bangon na ƙasa da kai, ba ka gyara komi ba, faɗa ka saya. Tsofaffin unguwa sun san hanyar da ruwa ke bi tun kafin a yi gidajen yanzu. A tambaye su. A bi wannan hanya tun daga sama har inda take faɗawa tabki ko gulbi, a kwashe juji da leda, a rushe abin da aka gina a kanta. Wannan aikin gayya ne. Kuma in an fito gayya, a fara da gidan tsohuwar da ba ta da ɗa a gari, da gidan da maigidan ya yi nisa ya bar mata da yara. Bangonsu in zai faɗi, ba ya zaɓen ɓangaren da zai faɗa.

Ramin da kuka haƙa kuka ɗebi ƙasar yaɓe, kada ku bar shi tsakiyar unguwa. Da damana zai cika, yara su faɗa, sauro ya hayayyafa. A ɗebo ƙasa daga bayan gari, ko a cike ramin kafin ruwan fari.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya ɗauki takarda ya zana unguwarsu. Ya sa gabas a sama. Ya nuna gidaje, da rumbuna, da inda aka tara harawa, da rijiya. Ya ja kibiya ɗaya ta nuna inda iskar dari ke bi, ya ja ta biyu ta nuna inda ruwan damana ke bi. Ya auna tsawo da faɗin rufin ɗakinsa da taki, babban taki ɗaya kamar mita 1 ne, ya lissafa litar nawa ruwan milimita 50 zai zuba a kai. Ku zo da takardunku wurin saurare na gaba, ku gayyato mai unguwa da shugabar mata, a shimfiɗa su ƙasa a duba tare, a sa ranar gayya ta farko kafin masu cin rani su tashi.